Turaku Arba'in da Bakwai

Ranar Talata suka zo, da hantsi.
Farar mota ta tsaya gindin ɗorawar Barau,
mutum uku, da na'ura mai ƙafa uku
da ido ɗaya tal, kamar mai neman laifi.
Suka ce suna son yaron da zai riƙe sanda,
dubu uku a wuni.
Na ɗaga hannu. Ba zan ɓoye ba, ni na ɗaga.

"Matsa hagu." Na matsa.
"Ƙara." Na ƙara,
har dugadugaina suka nutse a fangalin albasar Inna Goshi.
Mai leƙen ya ɗaga yatsa: "Nan!"
Aka kafa turke, aka shafa masa jan fenti.
Nan, wai, shataletale zai zauna.
Can, inda raken Dogara ke raɗa da iskar Galma,
gidaje ɗari huɗu masu rufi iri guda.
A takardarsu fadamarmu fara ce fat.
Na tambaya, aka ce, "Ai fili ne, ba kowa."

Ba kowa.
To wa ke riga ladan tashi ya ja ruwa?
Tumatirin da ake lodi zuwa Sabon Gari
daga sama yake faɗowa cikin kwando?
Shanun Ardo Jaɓɓe in sun sauko da rani
siminti za su lasa?

Da dare aka taru ƙofar Sarkin Noma.
Malam Shekarau ya karanto takardar diyya
da hasken waya, yana tuntuɓe da lambobi.
Kuɗin fangali goma bai kai buhun taki ba.
Wani ya ce a nemi lauya.
Wani ya ce ƙwai ba ya ja da dutse.
Tanimu ya ce shi tun bara ya sayar,
kuma kada wanda ya kalle shi haka:
ɗansa na kwance a Shika, albasa ba ta biya allura ba.
Ba wanda ya amsa masa.

Inna Goshi ba ta yi dogon zance ba.
Ta juyo gare ni: "Kai ka san inda suke."
Na ce na sani. Arba'in da bakwai ne.

Muka fita ba fitila, ni a gaba,
kwaɗi na rufa mana asiri da surutu.
Abin da na kafa da rana na tumɓuke da dare.
Da safe kokon Balaraba ya dahu da itacen safiyo,
duk wanda ya sha ya ce yana ƙamshin fenti,
ya miƙa kofi a ƙara masa.

Suka dawo suna zage-zage,
suka sake neman yaro mai riƙe sanda.
Sau uku na ci kuɗin turke ɗaya.

Ba ƙin gari muke ba, a ji mu da kyau.
Ƙanwata Hanne na son famfo a ƙofar gida,
ni ma ina son kwalta in damina ta kama.
Amma Zariya, in kin haɗiye fadama,
me za ki zuba a miya?

Jiya ba katako suka kawo ba.
Duwatsun siminti ne, kowanne da lambarsa,
ba sa cin wuta.
Katafila ta kwana gindin ɗorawa,
direbanta ya sayi rake wajen Dogara, ya ce da zaƙi.
Takardar kokenmu na can birni, cikin wani fayil,
da dangwalen yatsu ɗari da sha tara.

Yanzu na wuce Inna Goshi tana ban-ruwa.
Dutse mai lamba tara na tsakiyar fangalinta.
Ta shayar da albasar hagunsa, ta shayar da ta dama,
ta ɗora ƙwarya a kansa, ta zauna tana huci.
Ta ce in miƙo mata guga.